Sunayen Karnukan Sarki Intef na Biyu da Gardamar Asalinsu

Ba kasafai masu nazarin harshe kan waiwayi sunayen dabbobi ba, ganin cewa abu ne na wasa. Amma a wannan maƙala za a duba wasu sunayen karnuka da suka haura shekara 4000, waɗanda masana suka daɗe suna ja-in-ja a kansu.

Sarki Intef na Biyu ya yi mulki a Tibis, wato yankin Luksor na yanzu a kudancin Masar, kimanin shekara 50, ya rasu wajen 2063 kafin Miladiyya. A shekarar 1860 Auguste Mariette ya gano wani allon dutse a kabarinsa, wanda aka ajiye a gidan tarihi na Alƙahira. An sassaƙa hoton sarkin a tsaye, ga karnukansa kewaye da shi, da sunayensu a rubuce. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, sunayen ba na Misiranci ba ne, har sai da marubucin ya bi wasunsu da fassara. Behkai, in ji shi, ma'anarsa mariri, Pehtes, baƙi, Teƙru kuwa, wata irin tukunya. Akwai kuma Abaƙer, wanda aka bari ba fassara.

A nan ana iya ganin hanyoyin da mai kare kan bi wajen raɗa suna: ko ya dubi launi, ko gudu, ko wata ɗabi'a. Wanda ya kira baƙin karensa Pehtes bai yi nisa da maharbin da ke kiran nasa Duna ba. Shi kuwa mai sunan tukunya, wasu sun ce don yawan cinsa ne, amma wannan hasashe ne kawai.

Sunan Behkai ya yi wa ubangidansa wani amfani da bai zata ba. Bayan kusan shekara 1000, a zamanin Ramsis na Tara, aka aika jami'ai su binciki kaburburan sarakuna saboda ɓarayi. A rahotonsu, wanda ke cikin takardar nan da ake kira Papyrus Abbott, sun shaida kabarin Intef da cewa ga surar sarki a kan allo, ga karensa Behkai a tsakanin ƙafafunsa, kuma sun tarar ba a fasa shi ba.

To, daga wane harshe sunayen suka fito? Gaston Maspero ya danganta Abaƙer da kalmar abaikur ta Buzaye, wadda ke nufin kare. Idan haka ne, to waɗannan sunaye suna cikin shaidu mafi daɗewa na harsunan Berber, kuma wannan ya shafe mu, domin Berber da Misiranci da Hausa duk rassa ne na babban gidan nan na Afro-Asiya. An daɗe ana maimaita wannan ra'ayi kamar an gama magana. Sai a 2011 Maarten Kossmann ya sake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya nuna raunin hujjar.

A ganina, akwai dalilai biyu na yin taka-tsantsan. Na farko, rubutun Misiranci ba ya nuna wasula, baƙaƙe kawai muke da su, kuma baƙaƙe uku ko huɗu suna iya dacewa da kalmomi da dama a harsuna dabam-dabam. Ɗalibin da ya taɓa fama da ajami maras wasali ya san wannan matsala. Na biyu shi ne ma'ana. A wurin Buzaye, kare mai asali, siririn nan na farauta, oska ake ce masa. Abaikur kuwa kare ne maras asali. Da wuya a ce sarkin da ya sa aka sassaƙa karensa a dutsen kabarinsa ya yarda a kira shi da sunan raini, sai fa in ma'anar kalmar ta sauya a cikin waɗannan dubban shekaru, kuma mai wannan da'awa shi ya kamata ya kawo hujja.