Kogin Da Aka Yi Zaton Ya Ratsa Afirka: Tarihin Ruɗanin Kwara Da Nilu

Shekaru aru-aru masu zana taswira a ƙasashen Larabawa da Turai suna nuna wani babban kogi da ya ratsa nahiyar Afirka daga gabas zuwa yamma, ya haɗa Masar da ƙasashen baƙar fata. Wannan kogi bai taɓa wanzuwa ba. Ruɗani ne da ya samo asali daga Kogin Kwara, wato Neja, wanda sai a shekarar 1830 Turawa suka tabbatar da inda yake faɗawa teku.

Asalin ruɗanin

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin tarihin Girka, Herodotus, ya kawo labarin wasu samari da suka ƙetare hamada suka iske wani kogi mai kadoji yana gangarawa gabas, aka ɗauka Nilu ne.

A shekarar 1154, Al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a tsibirin Sisili. A ciki ya nuna cewa Nilu ya rabu biyu tun daga tushe: reshe ɗaya ya nufi Masar, ɗayan kuma, Nilun ƙasar Sudan, ya yi yamma har Tekun Atlantika. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352, ya ga kogin da idonsa ya kira shi Nilu, ya kuma ce daga Tambutu da Gao yake wucewa har ya isa Nuba da Masar. Shi kuwa Hasan Al-Wazzan, da Turawa ke kira Leo Africanus, littafinsa da aka buga a 1550 ya dawo da maganar cewa yamma ruwan yake bi.

Abin da ya sa aka kasa ganewa

Siffar kogin ce ta fara rikita mutane. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, amma tushensa a tsaunukan Gini bai wuce kilomita 240 daga teku ba. Maimakon ya bi wannan gajeriyar hanya, sai ya ba teku baya, ya nufi arewa maso gabas har bakin Sahara, sannan ya karkato kudu ta Nijar zuwa Nijeriya. Kogunan Senegal da Gambiya kuwa daga wannan yanki suke tasowa su yi yamma, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsu bakin Kwara.

Na biyu, kowace al'umma da sunan da take kiran sashenta: Joliba a wajen Mande, Isa Ber a wajen Songhai, Kwara a wajen Hausawa, Oya a wajen Yarabawa. Na uku, a ƙarshensa kogin ya rarrabu zuwa rassa masu yawa cikin fadamu da dazuzzuka. Tun ƙarni na 15 jiragen Turawa ke ciniki a waɗannan mashigai, ba tare da sun san bakin kogin da suke nema ba ne.

Neman da ya ci rayuka

A 1788 aka kafa wata ƙungiya a Landan mai suna African Association, domin gano hanyar kogin da kasuwancin da ke kansa. Ɗan aikenta John Ledyard ya mutu a Alƙahira tun bai fara tafiyar ba, Daniel Houghton ma bai komo ba. A watan Yulin 1796 Mungo Park ya isa Segu, ya ga ruwan yana bin gabas. Wannan ya warware tambaya ɗaya, ya bar babbar: ina ya nufa?

Ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce Nilu yake shiga, James Rennell ya ce a fadamun tsakiyar nahiyar yake ƙafewa, Park kuwa ya yi zaton shi ne Kogin Kwango. Ya komo a 1805 don ya bi shi har ƙarshe, ya halaka a ruwan Busa a 1806, wurin da Tafkin Kainji ya shafe a yau. A 1816 aka tura James Tuckey ya biyo ta Kwango, zazzaɓi ya kashe shi da mutanensa da dama.

Sakkwato da Borno

A 1823 Denham da Oudney da Clapperton suka iso Tafkin Chadi daga Tarabulus, suka sauka a Kukawa wajen Shehu Al-Kanemi. Sun tarar kogunan Shari da Yobe cikin tafkin suke zuba. Awon zamani ya nuna tafkin yana kan kimanin mita 280 sama da teku, Nilu kuwa a Khartum yana kan kimanin mita 380, ga tsaunukan Darfur a tsakani. Ruwa ba ya hawa tudu.

Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824. Bisa rahotonsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa kogin a ƙasa, ya ce a teku yake ƙarewa, amma taswirar da aka ba shi daga baya ta nuna Kwara ya nufi Masar. Ba a kuma bar shi ya wuce Yawuri da Nufe ba. Wasu masana tarihi suna ganin Sarkin Musulmi ya yi hattara ne da abin da buɗe wannan hanya ga Turawa zai haifar. Clapperton ya komo karo na biyu, ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilun 1827.

Warwarewa da abin da ya biyo baya

Baransa, Richard Lander, shi da ƙanensa John suka ƙarasa aikin. A 1830 suka shiga kwale-kwale daga Busa, suka wuce mahaɗar Binuwai, aka kama su a hanya aka kai su Aboh, daga bisani suka fita teku ta reshen Nun a watan Nuwamba.

Ba Afirka kaɗai aka yi wa irin wannan zato ba. Taswirorin Amurka ta Arewa sun daɗe ɗauke da Kogin Buenaventura, wanda aka ce ya isa Tekun Fasifik, sai da tafiyar John Frémont ta 1844 ta ƙaryata shi. A wannan shekarar Charles Sturt ya ja kwale-kwale zuwa tsakiyar Ostireliya yana neman teku, ya tarar da hamada.

A Kwara, gano gaskiyar ya zo da sakamako mai nauyi. Jiragen Macgregor Laird masu tururi sun shigo a 1832. A 1854 William Baikie ya hau Binuwai, mutanensa suna shan kwinin, babu wanda zazzaɓi ya kashe. A 1886 kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki daga Ingila, a ranar 1 ga Janairun 1900 kuma aka ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja. Daga sunan wannan kogi ne ƙasashen Nijeriya da Nijar suka samo nasu.