Noman Kwangila da Dabarun Sayen Shanshera a Jihar Nasarawa: Nazari daga Rukubi zuwa Bukan Sidi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyi uku da masu sarrafa shinkafa ke bi wajen samun shanshera a Jihar Nasarawa: su noma da kansu, su saya a kasuwa, ko su ƙulla yarjejeniya da ƙananan manoma. An ɗora nazarin a kan ra'in tsadar hulɗar ciniki, an kuma ɗauki gonar Olam ta Rukubi a matsayin misali. Sakamakon ya nuna cewa abubuwa uku ke riƙe irin wannan yarjejeniya: farashin da ke bin kasuwa, biya a kan kari, da mai tsayawa tsakani.

1.0 Gabatarwa

Buhun shinkafar da magidanci ke saya a Bukan Sidi, unguwar da ke kan hanyar Jos a garin Lafiya, ya ratsa hannun manomi da dillali da mai turarawa da mai inji da mai mota kafin ya iso shago. A wannan jeri mai inji ne ya fi kowa zama a tsaka mai wuya, domin injinsa na bukatar shanshera duk shekara, alhali yawancin manoma da kaka kaɗai suke kawo ta. Matsalar ta fito fili lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020: shinkafar waje ta ragu, masu injuna suka shiga rububin ta gida. Tambayar bincike ita ce: ta wace hanya mai sarrafawa zai tabbatar wa kansa kaya ba yankewa?

2.0 Ra'in Bincike

A 1937 Ronald Coase ya tambayi dalilin da ke sa kamfani ya yi wani aiki da kansa, ya bar wani ga kasuwa. Oliver Williamson, wanda ya sami kyautar Nobel a 2009, ya faɗaɗa amsar: duk lokacin da aka zuba jari a abin da ba ya amfanuwa sai a aiki guda, dogaro da kasuwa kaɗai ya zama kasada. Injin casar shinkafa irin wannan jari ne, don ba ya casar riɗi ko gyaɗa. Peter Kraljic kuma, a 1983, ya karkasa kayan da kamfani ke saye bisa nauyinsu ga riba da wahalar samunsu. Shanshera ta faɗa rukunin da ya haɗa duka biyun, wanda ke neman doguwar hulɗa da masu kawo kaya.

3.0 Misalin Rukubi

Kamfanin Olam, wanda ya soma harkarsa a Nijeriya a 1989, yana da gonar shinkafa mai faɗin hekta kusan 10,000 a Rukubi, cikin Ƙaramar Hukumar Doma. A Yulin 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe masana'antar sarrafa shinkafar da ke gonar. Abin lura shi ne, duk faɗin wannan fili, kamfanin bai tsaya ga nomansa ba. Ya jawo dubban ƙananan manoma cikin tsarin da ake ba su iri da horo, sannan a sayi amfanin da suka girbe. Wato ya riƙe wani kaso a hannunsa don kada inji ya tsaya, ya miƙa sauran ga waɗanda ke da ƙasa da ƙwadago.

Shirin bashin noma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015 ya bi wannan salo, inda ya ɗaura manoma ga babban mai saye guda. Babban ƙalubalen da shirin ya fuskanta shi ne maido da bashi.

4.0 Tattaunawa

Raunin noman kwangila a ko'ina yana bayyana ne ranar girbi. Idan farashin kasuwa ya haura wanda aka yi alkawari, manomi kan karkatar da buhunansa ga dillalin da ya zo bakin gona da kuɗi a hannu. Idan kuwa farashi ya faɗi, mai saye ne ke samun damar ƙorafi kan danshi ko tsakuwa don ya rage kuɗi. Kai ƙaramin manomi kotu kan buhu goma asara ce ga kowa, saboda haka sa hannu a takarda bai isa jingina ba.

Kasuwancin Hausa ya daɗe da sanin wannan ciwo. Tsarin ba-da-kaka, inda ɗan kasuwa ke ba da kuɗi ko taki da damina ya karɓi hatsi da kaka, noman kwangila ne tun kafin a raɗa masa suna, ko da yake sau da yawa manomi ne ke kwana ciki. Binciken Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan ya nuna yadda maigida ke tsaya wa baƙon falke da mahauci a cinikin shanu na bashi, mutuncinsa ne jinginar. Wannan gurbi ne shugabannin ƙungiyoyin manoma ke cikewa a yau.

5.0 Kammalawa

Ƙananan masu injuna na Lafiya ba su da ƙarfin buɗe gona irin ta Rukubi, amma suna iya haɗa jari su sayi shanshera tare, su kuma ƙulla hulɗa da ƙungiyoyin manoma na Doma da Awe. Ana ba da shawarar a ɗaura farashi bisa na kasuwa a ranar awo, a auna danshi a gaban manomi, a biya shi kafin mota ta tashi. Bincike na gaba zai amfana da ƙididdigar yawan buhunan da ke kauce wa yarjejeniya a kowace kaka a waɗannan ƙananan hukumomi biyu.