Cire kuɗin fansho bayan rasa aiki

Najeriya ba ta da tsarin biyan alawus ga marasa aikin yi. Sai dai Dokar Fansho ta 2014 ta bai wa ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa, idan ya shafe wata huɗu bai samu wani aiki ba.

Ana miƙa buƙatar ga kamfanin da ke kula da asusun, haɗe da takardar sallama, shaidar haihuwa da bayanan banki. Hukumar PenCom ce ke sa ido kan tsarin.

Masu gadi da direbobin kamfanoni a unguwanni irin su Agege a Legas na iya amfana, matuƙar an riƙa zuba musu kuɗin.