Cutar da ke Karya Garkuwar Jikin Kyanwa da Yadda Take Taɓa Ƙwaƙwalwa

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, dabba ce mai amfani ga manomi. A ƙasar Adar, daga Tabotaki da Buza zuwa Keita da Madawa, hatsin da aka girbe da kaka shi ne ke riƙe gida har wata damina, kuma kyanwa tana daga cikin masu tsare rumbu daga ɓarnar ɓera. Tana kwana a ɗaki, tana cin ragowar abinci, yara kuma suna wasa da ita. Saboda haka lafiyarta ta shafi lafiyar mutanen gida.

Wannan bayani ya ƙunshi abin da aka sani game da wata ƙwayar cuta ta kyanwa da masana ke kira FIV: yadda take yaɗuwa, yadda aka gina ta, da yadda take taɓa ƙwaƙwalwa. Ya kuma nuna abin da ya kamata ku yi idan halin kyanwarku ya sauya, domin akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai kama da wannan wadda ke kashe mutum.

Mece ce FIV?

An gina jikin kowace dabba da ƙananan ƙwayoyi masu rai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Su ake kira ƙwayoyin jiki. FIV ƙwayar cuta ce daga cikin waɗanda ake kira bairas. Ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin kyanwa. Waɗanda ta fi kai wa hari su ne fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke kare jiki daga cututtuka. Idan sojojin suka ragu, sai a ce garkuwar jiki ta karye.

An gano ta a shekarar 1986 a garin Petaluma da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, a wani gida da ake kiwon kyanwoyi da yawa, inda wasunsu suka riƙa ramewa suna mutuwa. Masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Niels Pedersen da Janet Yamamoto, su ne suka ware ƙwayar, aka kuma buga sakamakon aikinsu a shekarar 1987. Daga baya an same ta a jikin kyanwoyin gida a ƙasashe da yawa na duniya. Zakuna ma suna da irin tasu: galibin manyan zakunan dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya suna ɗauke da ita.

FIV dangi ɗaya take da ƙwayar cutar Sida, wato ƙanjamau, wadda aka gano a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris a shekarar 1983. Dukansu biyu suna aiki ne sannu a hankali, shekara da shekaru.

Shin tana kama mutum?

A'a. FIV ba ta kama mutum, ba ta kama kare, akuya, tunkiya ko kaza. Mutum ba ya ɗaukar Sida daga kyanwa, kyanwa kuma ba ta ɗaukar Sida daga mutum. Babu dalilin korar kyanwa ko kashe ta saboda tsoron wannan cuta.

Yaya take yaɗuwa?

Ƙwayar tana cikin miyau da jinin kyanwar da ta kamu. Babbar hanyar yaɗuwarta ita ce cizo mai zurfi wajen faɗa. Shi ya sa muzuru mai yawon dare, mai faɗa a kan mace ko a kan wurin farauta, ya fi kowace kyanwa kamuwa. Wani lokaci uwa takan ba ƴaƴanta cutar tun suna ciki ko ta hanyar nono, amma wannan bai cika faruwa ba. Kyanwoyin da ke zaune lafiya a gida ɗaya ba su cika ɗaukar ta daga juna ta hanyar cin abinci tare ba. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki, kuma ruwa da sabulu suna kashe ta.

Rubutun gado

Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga iyayensa. Wannan rubutu shi ne ke tsara kamanninsa da yadda jikinsa zai yi aiki. Da haruffa huɗu kacal aka yi shi, ana maimaita su bi da bi. Rubutun gadon kyanwa ya kai haruffa kimanin miliyan 2,500. Na FIV kuwa gajere ne ƙwarai, bai kai haruffa 10,000 ba. A shekarar 1989 masana suka karance shi tun daga farko har ƙarshe.

Rubutun yana da manyan sassa uku. Sashe na farko, mai suna gag, shi ne umarnin gina ƙoƙon da ƙwayar ke zaune a ciki. Na biyu, mai suna pol, umarnin ƙera kayan aikin da take kwafe kanta da su ne. Na uku, mai suna env, shi ne umarnin yin rigar waje ta ƙwayar. Akwai kuma wasu ƙananan sassa da ke taimaka wa waɗannan.

Abubuwa uku game da wannan rubutu sun isa su bayyana halin cutar.

Na ɗaya, rigar waje tana aiki kamar makulli. Kowace ƙwayar jiki tana da ƙofofi masu kwaɗo. A shekarar 2004 masana daga Japan da Birtaniya suka gano cewa kwaɗon farko da makullin FIV ke buɗewa shi ne wanda ake kira CD134 a jikin kyanwa. Ƙwayar Sida kuwa wani kwaɗo dabam take buɗewa, mai suna CD4, a jikin mutum. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa kowace cuta ta tsaya ga mai ita.

Na biyu, idan ƙwayar ta shiga, sai ta kwafe rubutunta ta cusa shi a tsakiyar rubutun gadon ƙwayar jikin da ta kama. Daga nan ya zama ɗaya da shi. Shi ya sa kyanwar da ta kamu ba ta rabuwa da cutar har iyakar rayuwarta.

Na uku, wajen kwafewa ƙwayar tana yawan yin kuskure, kamar ɗalibin da ke kwafe darasi daga allo ba tare da malami ya duba littafinsa ba. Wani ya kwafa daga gare shi, ya ƙara nasa kuskuren. A haka rubutun ke sauyawa, musamman sashen env. An raba FIV zuwa iri-iri da aka sa wa haruffan A, B, C, D, E da F. Irin A da B sun fi bazuwa a duniya.

Yaya take shiga ƙwaƙwalwa?

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge da ke hana yawancin ƙwayoyin cuta wucewa. FIV tana ƙetare shi ne a ɓoye cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aka yarda su wuce. Hakan yana faruwa tun cikin makonnin farko na kamuwa.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi iri biyu. Akwai masu ɗaukar saƙo, waɗanda tunani, gani da motsi suka dogara gare su. Akwai kuma masu yi musu hidima: suna ciyar da su, suna share datti, suna gadi. Masu hidimar ne FIV ta fi kamawa. Idan sun kamu, sai su riƙa fitar da wasu sinadarai masu guba, waɗanda ke raunana masu ɗaukar saƙo ko su kashe su. Kusan haka ƙwayar Sida ke yi a ƙwaƙwalwar mutum. Don haka ne masana ke nazarin cutar kyanwa domin su ƙara fahimtar ta mutane.

Me ya sa wata kyanwar ke samun ciwon ƙwaƙwalwa, wata ba ta samu?

Wani ɓangare na amsar yana cikin rubutun gadon ƙwayar. A shekarar 1998 wasu masana a ƙasar Kanada suka gwada iri biyu na FIV a jikin ƴan kyanwoyi. Ɗaya ita ce ta Petaluma, ɗayar kuma an samo ta daga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar wata kyanwa. Ta biyun ta fi yi wa ƙwaƙwalwa illa, kuma illar ta tafi tare da raunin garkuwar jiki. A shekarar 2002 wani binciken a ƙasar ya nuna cewa sashen env yana da hannu a wannan bambanci. Ke nan, sauyin haruffa a rubutun rigar waje yana iya sa wata ƙwayar ta fi wata ɓarna. Shekarun kyanwa a lokacin da ta kamu da ƙarfin jikinta su ma suna da tasiri.

Alamomin cutar

Makonni kaɗan bayan cizo, kyanwa takan yi ɗan zazzaɓi da kaluluwa, sannan ta warware. Daga nan tana iya yin shekaru ba ta nuna komai ba, tana farautarta kamar kullum. Da yawa suna tsufa ba tare da cutar ta kwantar da su ba. Wasu kuwa, idan garkuwarsu ta yi rauni, sai a ga rama, gyambon baki da kumburin dasashi, gudawa, majina, da rauni mai ƙin warkewa.

Kaɗan daga cikinsu ne ciwon ƙwaƙwalwa ke fitowa fili. Alamominsa sun haɗa da sauyin hali, rikicewar barci, yawo ba dalili, kashi ko fitsari a inda ba ta saba ba, tangaɗi, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, wani lokaci har da farfaɗiya. Yawanci waɗannan suna zuwa ne a hankali. Gwajin jini a wurin likitan dabbobi shi ne ke tabbatar da cutar.

Hattara da ciwon haukan kare

Akwai wasu abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar kyanwa. Maganin ƙwari da ake fesa wa albasa da wake yana iya sa ta makyarkyata da dalalar miyau. Amma mafi haɗari shi ne ciwon haukan kare. Kyanwa tana ɗaukar sa idan dabbar da ta kamu ta cije ta, ita kuma tana iya ba mutum ta hanyar cizo ko yakushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Cizon kare ne ke jawo kusan duka, amma ba a raina na kyanwa. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Idan kuwa aka yi allura da wuri, kafin ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa, ana hana ciwon. Louis Pasteur ne ya fara yi wa mutum wannan allura a shekarar 1885.

Kyanwa mai haukan kare tana sauyawa farat ɗaya. Mai sanyin hali ta koma mai cizo, muryarta ta sauya, miyau ya riƙa zuba, ta kasa haɗiya, ƙafafun baya su shanye. Yawanci tana mutuwa cikin kwana 10. Ido kaɗai ba ya iya raba wannan ciwo da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk kyanwar da halinta ya sauya, a ɗauke ta a matsayin mai haɗari har sai masani ya duba.

Abin da za ku yi

1. Ku nisanta yara da ita. Kada ku kama ta da hannu, kada ku buɗe bakinta don ba ta magani.

2. Idan za a iya rufe ta a wani ɗaki ba tare da an taɓa ta ba, a rufe ta, a ajiye mata ruwa da abinci.

3. Ku sanar da ma'aikatan kiwon dabbobi mafi kusa da ku, ko ofishinsu na Buza, Keita ko Madawa. Akan sa ido a kan dabbar da ta yi cizo na aƙalla kwana 10.

4. Idan ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu har tsawon minti 15. Kada a sa toka, barkono ko ƙasa.

5. A kai shi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a jira a ga abin da zai sami kyanwar. Idan babu allurar a wurin, a nemi ma'aikatan lafiya su nuna inda za a same ta, kuma a cika adadin da aka tsara.

6. Idan ta mutu, kada a taɓa gawarta da hannu, kada a fasa kanta, domin ƙwaƙwalwa ake dubawa a tabbatar da ciwon. Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Nijar, wato LABOCEL, yana birnin Yamai.

Magani da rigakafi

Babu maganin da ke fitar da FIV daga jiki. Ana dai yi wa kyanwa maganin cututtukan da suka sami hanya saboda raunin garkuwarta. Abinci mai kyau, ruwa mai tsabta da wurin kwana a gida suna ƙara mata kwana. Kada ku ba ta maganin mutane: farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

A shekarar 2002 an fitar da allurar rigakafin FIV a Amurka, amma daga baya aka daina sayar da ita a can da Kanada. Ba ta ba da cikakkiyar kariya, domin ƙwayar tana da iri-iri. Hanyar da ta fi tabbas ita ce rage faɗa. Muzurun da likitan dabbobi ya yi wa fiɗiya yana rage yawo da faɗa, kuma bai fasa kama ɓera ba. Haukan kare kuwa yana da allurar rigakafi mai ƙarfi ga karnuka da kyanwoyi. Ku tambayi ma'aikatan kiwon dabbobi game da ita. Rigakafi ya fi magani.

Abin tunawa

FIV cutar kyanwa ce, ba ta kama mutum. Tana yaɗuwa ta hanyar cizo, tana aiki a hankali, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ta danganta da irin ƙwayar da kuma ƙarfin garkuwar jiki. Haukan kare yana zuwa da sauri kuma yana kashe mutum. Duk wanda kyanwa ko kare ya ciza, a wanke raunin minti 15 da sabulu, a kai shi gidan likita a ranar.