Tarihin Gyaran Manhajar Waya a Farm Centre da Kewayenta

Sana'ar gyaran wayar hannu a Kano ba ta cika shekara talatin ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci ta rabu gida biyu, wato masu gyaran gangar jikin waya, waɗanda ke canza sikirin da batir da wurin caji, da kuma masu gyaran manhaja, wato tsarin umarnin da ke tafiyar da wayar daga ciki wanda ido ba ya gani. Babbar matattarar ɓangarorin biyu ita ce kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, sai kuma ƙananan shagunan da suka bazu a Gyadi-Gyadi da bakin Titin Zariya da Court Road da Zoo Road, waɗanda galibinsu a Farm Centre suke sayo kayan gyara, can kuma suke tura aikin da ya gagare su. Ɓangare na biyu ne ya fi cancantar a bi diddiginsa, domin a cikinsa ne ake ganin yadda hanyar gyara ta juya gaba ɗaya tun daga lokacin da abin da ke cikin waya ya fara fin ita kanta wayar daraja.

Mafarin al'amarin shi ne watan Janairun 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kamfanonin Econet da MTN kuma suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, a ƙasar da layukan tarho na NITEL masu aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba. Zuwan Globacom a 2003 da tsarin biyan kuɗin kira daƙiƙa-daƙiƙa ya karya farashi, waya ta fita daga hannun attajirai ta shiga aljihun ɗan kasuwa da ɗalibi da ɗan acaɓa. Ba a kan fako sana'ar gyaranta ta tsiro ba, saboda Kano ta daɗe da masu gyaran rediyo da rakoda da bidiyo, kuma masanin nan Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafofin sadarwa a Kano, ya nuna yadda lalacewar na'ura da gyaranta suka zama wani ɓangare na rayuwar yau da kullum a birnin. Ƙarfen narka dalma da mitar gwajin wuta da ɗan burushin wanke injin waya, duk daga teburin waɗancan magabata aka gado su.

A zamanin Nokia 3310 da 1100 manhajar waya ba ta canzawa, yadda aka saye ta haka take har ta mutu, don haka aikin mai kwamfuta bai wuce abu biyu ba. Na farko shi ne buɗe wayoyin da aka shigo da su daga Turai a kulle, waɗanda ba sa karɓar layin kowane kamfani sai na kamfanin da ya kulle su a ƙasar da suka fito. Na biyu shi ne falashin, wato goge manhajar waya baki ɗaya a zuba mata sabuwa daga kwamfuta, ta hanyar wasu ƙananan akwatuna irin su JAF da UFS da ake haɗawa tsakanin wayar da kwamfutar. Falashin ya zama maganin kowace cuta a wancan lokaci, kuma babu laifi a cikin hakan, tunda lambobin mutane galibi a kan layi ake ajiye su, abin da mai waya zai rasa bai wuce 'yan saƙonni da sautin kira ba. Matsalar ita ce an yaye yaran shago da yawa a kan wannan ɗabi'a, ta kuma bi su har zuwa zamanin da ba ta dace da shi ba.

Bayan ɗan gajeren tashen BlackBerry, manhajar Android, wadda ta fito a 2008, ta mamaye kasuwa ta hanyar wayoyin Samsung da na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix. Yawancin wayoyin masu sauƙin kuɗi suna amfani da ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek, wanda manhajarsa ta falashin, SP Flash Tool, ta yaɗu kyauta a intanet, sai ya zama duk matashin da ya mallaki tsohuwar kwamfutar cinya da igiyar caji yana iya kafa teburi, sau da yawa kusa da 'yan dawunlodin masu tura finafinan Kannywood da waƙoƙi a katin memori. Sauƙin shiga sana'ar ya zo da tasa ɓarnar. Waya iri ɗaya, mai suna ɗaya, tana iya fitowa da sikirin daga masana'antu daban-daban, saboda haka idan aka zuba mata fayil ɗin da ba nata ba sai ta tashi da farar fuska ko ta daina jin taɓawa. Mafi muni shi ne wanda ya zaɓi umarnin goge komai kafin zubawa, domin yana share wurin da lambar IMEI take, wato lambar shaida mai alƙaluma 15 da kamfanin sadarwa ke gane waya da ita, wayar ta kunnu lafiya lau amma ta ƙi ganin sabis. Daga irin wannan asara ne ƙwararru suka koyi kwafe wannan sashe su adana kafin su taɓa komai.

Babban sauyi ya zo ne da sabuntawa ta iska, abin da jama'a ke kira afdet, wato kamfani ya aiko wa waya sabuwar manhaja ta intanet ba tare da an kai ta wurin kowa ba. Wannan ya haifar da wani nau'in lalacewa da ba a saba gani ba, inda wayar da ba ta faɗi ba, ba ta kuma shiga ruwa ba, za ta kwana lafiya ta tashi da ciwo, mai ita ya iso shago yana cewa, "Injiniya, afdet kawai na yi, ta tsaya a tambari ta ƙi wucewa." Dalilan sun danganci yanayin da ake amfani da wayar. Sabuntawa tana bukatar fili, alhali wayar da ma'ajiyarta ba ta wuce gigabait 16 ko 32 ba ta riga ta cika da bidiyon WhatsApp. Tana bukatar caji mai yawa, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, batirin wayar kuma ya tsufa har yana iya mutuwa a tsakiyar aiki. Sannan ana sauke ta da data a kan sabis mai yankewa. Google ya rage wannan haɗari a Android 7.0 na 2016 da tsarin ma'ajiya biyu, inda ake zuba sabuwar manhaja a gefe ɗaya yayin da tsohuwar ke nan a ɗaya gefen don a koma mata idan an sami cikas, sai dai an ɗauki shekaru kafin tsarin ya game wayoyin da talaka ke saye.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi kowanne yawa, wato zafi da shan caji da nauyi bayan sabuntawa, wanda sau da yawa ba lalacewa ba ce sam, domin wayar tana sake tsara manhajojinta da hotunanta a ɓoye, kuma takan daidaita cikin kwana ɗaya ko biyu. Zargin da jama'a ke yi cewa kamfanoni na rage ƙarfin tsofaffin wayoyi da gangan ya sami gindin zama a watan Disambar 2017, lokacin da Apple ya amsa cewa wata sabuntawa tana rage saurin iPhone masu tsohon batir don hana su mutuwa ba zato. Darasin da masu gyara suka ɗauka daga nan mai amfani ne: sabuntawa takan tona asirin batirin da ya riga ya gaji, kuma canza batir kan warkar da abin da falashin ba zai taɓa warkarwa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kamfanoni suka fara toshe tsohuwar hanyar falashin. Apple ya kawo makullin iCloud a 2013, Google kuma ya kawo nasa, FRP, a 2015, wanda ke sa wayar da aka goge ta nemi adireshin imel da kalmar sirrin mai ita kafin ta buɗe. An yi makullan ne don daƙile sata, kuma a birnin da ƙwacen waya ya zama annoba har yana cin rayuka, babu mai hankalin da zai raina su, shi ya sa mai gyara na ƙwarai ke neman rasit ko kwali kafin ya karɓi aikin buɗe wayar da ta kulle haka. Amma sun kuma faɗa kan bayin Allah da yawa waɗanda wani yaro ne ya buɗe musu imel a ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba. Haka nan wayoyi da dama yanzu ba sa yarda a mayar da su tsohuwar manhaja bayan an sabunta, don haka hanyar komawa baya ma ta ƙuntata.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙarasa abin da aka fara, domin ya tura ɗan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da mai shayi zuwa manhajojin banki, hirar ciniki da shaidar biyan kuɗi da lissafin bashi duk suka koma cikin waya. Goge irin wannan waya tamkar ƙona littafin bashin shago ne don a kashe kyankyaso. Saboda haka tsarin ƙwararren mai gyara a yau ya zama akasin na da: yakan fara da tambaya, yaushe aka sabunta, me ya canza, akwai kwafin bayanai a Google ko babu, sai ya kashe wayar ya kunna, ya rage mata kaya, ya sabunta manhajojin da ke rufewa da kansu ko ya share tarkacen da suka tara, idan sabis ko Wi-Fi ne ya rikice, ya mayar da saitin sadarwa kaɗai yadda ya fito daga kamfani. Idan ta ci gaba da gardama, yakan tashe ta a yanayin da manhajojin kamfani kaɗai ke aiki don ya gano ko wata baƙuwar manhaja ce ke haddasa fitinar, ko ya danne maɓallin wuta da na ƙara sauti tare ya shiga shafin ceto na wayar. Falashin ya koma mataki na ƙarshe, bayan an shaida wa mai waya ƙarara abin da zai rasa. Wannan hanya ba ta kawo kuɗi kamar falashin, kuma wannan ne ya sa har yanzu ba kowane teburi ke bin ta ba, abin da ya kamata shugabannin kasuwa da masu horar da yara su ɗauka da muhimmanci.

Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025 ta cinye shaguna masu yawa, ta kuma nuna yawan matasan da abincinsu ya rataya a wannan wuri. Sai dai ƙalubalen da ke gaban masu gyaran manhaja ya fi ƙarfin sake gini, domin matsalar da ke ƙaruwa yanzu ita ce ta wayar da aka daina aiko mata sabuntawa gaba ɗaya. BlackBerry ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa a Janairun 2022, WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0 daga Oktoban 2023, manhajojin banki kuma suna bin sahu sannu a hankali. Google da Samsung sun yi alkawarin sabuntawa ta shekara bakwai ga manyan wayoyinsu daga 2023 da 2024, amma ƙananan wayoyi da kwamfutocin hannu na yara da kuma kayan gwanjo da suka cika kasuwar Kano ba sa samun ko kusa da haka, kuma idan aka kawo irin wannan waya, lafiyayya a jiki amma manhajar banki ta ƙi hawa kanta, babu akwati ko fayil ɗin da mai gyara zai ɗauko, iyakarsa ya taimaka a kwashe bayanan cikinta zuwa wata.