Ganin Allah da Manzonsa a farke: Matsayin malamai da tushen saɓani

A garin Bauchi, daga masallatan cikin ganuwa zuwa na unguwanni irin su Fadaman Mada, akwai tambayar da ke yawan tasowa tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala: shin shugaban addini na iya ganin Allah ko Manzonsa (SAW) ido da ido? Malamai sun kasa mas'alar gida uku.

Na farko shi ne ganin Allah da ido a nan duniya. Jumhurun malaman Sunna sun tafi a kan cewa muminai sai a Lahira za su gan Shi. Suna kafa hujja da aya ta 143 a Suratul A'araf, inda Annabi Musa (AS) ya roƙi gani ba a ba shi ba. Ko game da daren Mi'iraji, Nana A'isha ta musanta cewa Annabi ya ga Ubangijinsa da ido.

Na biyu shi ne ganin Annabi a mafarki. Wannan babu jayayya a kansa, domin hadisin Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa Shaiɗan ba ya iya ɗaukar kamanninsa.

Na uku, ganinsa a farke bayan wafatinsa, nan ne aka rabu. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya wallafa Tanwirul Halak don tabbatar da yiwuwar hakan. Ibn Hajar Askalani kuwa ya ga matsala: idan haka ne, mai ganin zai zama sahabi ke nan.

Mas'alar ta shafi tarihin ƙasar Hausa kai tsaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta cewa a 1794, yana ɗan shekara 40, an kai shi gaban Manzon Allah, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa Takobin Gaskiya. Bayan shekara 10 aka fara jihadin da ya haifar da masarautu, ciki har da ta Bauchi a ƙarƙashin almajirinsa Malam Yakubu. Haka nan Tijjanawa sun yi imani cewa Shehu Ahmadu Tijjani ya karɓi wuridi daga Annabi a farke a Abi Samgun ta ƙasar Aljeriya. Farin ƙyallen da suke shimfiɗawa a wazifa ma alama ce ta imaninsu da halartarsa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙi amincewa da wannan.

Ba a Musulunci kaɗai ake wannan muhawara ba. Cocin Mormon na Amurka, mai babban haikali a Aba ta Jihar Abiya, ya ginu ne bisa da'awar Joseph Smith cewa ya ga Allah da Yesu a 1820. Shugabanninsa na wannan zamani dai sukan kame bakinsu kan ko sun taɓa yin irin wannan gani, suna masu cewa lamari ne mai tsarki.

Da yake babu mai iya shaidar abin da wani ya gani shi kaɗai, malaman usul irin su Imam Shaɗibi sun kafa ƙa'ida: duk wani gani a Alƙur'ani da Sunna ake auna shi, kuma ba ya halasta haram ko haramta halal.