Matafiyin da Ya Yi Saiwa a Tamanrasset

Wanda ya bi hanyar mota daga Kano zuwa Damagaram, ya wuce Agadas da Arlit, ya ƙetare iyakar Nijar, in ya ƙara tafiyar wajen kilomita 400 cikin hamada zai isa Tamanrasset, a kudancin ƙasar Aljeriya. Yau birni ne mai kasuwanni da filin jirgin sama, ana kuma jin Hausa a bakin 'yan ci-rani da fatake da ke cikinsa. Amma a shekara ta 1905 ƙauye ne na bukkoki kamar ashirin a bakin wani busasshen rafi, inda talakawa ke noman ɗan abin da ruwan ƙasa ya ba su. A wannan shekara wani baƙo ya sauka a wurin, sunansa Charles de Foucauld. Ya ga ƙasashe da yawa, ya taɓa sana'o'i iri iri, amma a wannan ƙauye ne kaɗai ya zauna har ya zama ɗan gari.

An haife shi a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa ran 15 ga Satumba, 1858, a gidan masu sarauta da dukiya. A 1864 uwarsa da ubansa suka rasu, kakansa na wajen uwa ya ɗauki renonsa. Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya raba su da garinsu, suka koma Nancy. Tun yana yaro ke nan ya rasa iyaye, ya rasa gari, da ya tasa kuma ya yar da bangaskiyarsa. A 1876 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr. Da kakansa ya mutu ya gaji dukiya mai yawa, ya shiga fallasar da ita wajen ci da sha da shagali. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ne na 87 cikin ɗalibai 87. Aka tura shi Aljeriya, a 1881 aka sallame shi saboda rashin ɗa'a. Ya roƙa aka maishe shi bakin aiki, ya yi yaƙi a kudancin Oran, sa'an nan ya tuɓe kakin da kansa a 1882.

Sana'arsa ta biyu ita ce binciken ƙasa. A zamanin nan ba a yarda Bature ya ratsa cikin Maroko ba. Sai ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki wani Bayahude mai suna Mardochée ya zama jagoransa. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 suka yi tafiyar wajen kilomita 3,000, yana auna duwatsu da koguna a ɓoye, yana rubutawa a ƙananan takardun da tafin hannu ke rufewa. Ƙungiyar masanan labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Amma ya komo da abin da ya fi lamba nauyi. Ya ga Musulmi suna tsayawa salla a kan hanya, cikin rana da ƙura, ba sa kunyar kowa, wannan kuwa ya ta da masa tambayar da ya daɗe da binnewa game da Allah. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga wata majami'a a Paris, ya sami wani fada mai suna Huvelin, ya hurta zunubansa, ya tuba.

Abin da ya kama zuciyarsa daga nan shi ne shekarun da Yesu ya yi a Nazarat kafin ya fara wa'azi, yana ɗan ƙauye, yana aikin hannu a gidan massassaƙi. Wannan zama Foucauld ya shiga nema. A 1890 ya shiga gidan sufaye a Faransa, aka kai shi wani gidansu mafi talauci kusa da Akbes, a ƙasar da ake lissafawa cikin Suriya a lokacin, inda ya yi aikin gona. A 1897 ya tafi Nazarat ɗin kanta, ya zama bara a gidan mata masu zaman addu'a, yana shara, yana zuwa aike, yana kwana a wata rumfar katako cikin lambu. Ran 9 ga Yuni, 1901, aka naɗa shi fada. A wannan shekara ya koma Aljeriya, ya zauna a Beni Abbes. A can ya fanshi waɗansu bayi da kuɗinsa, ya kuma yi ta rubuta wasiƙu yana ƙorafi a kan yadda hukumar Faransa ta rufe ido ana ci gaba da bauta.

A Agusta 1905 ya isa Tamanrasset da iznin Musa ag Amastan, sarkin Buzayen duwatsun Hoggar. Waɗannan Buzaye ba baƙi ba ne ga ƙasar Hausa, gama ayarinsu na kai gishirin Amadror zuwa Damargu, su komo da gero. Foucauld ya gina ɗan siririn ɗaki na dutse da laka, ya soma aikin da ya ci sauran kwanakinsa, wato koyon harshen mutanen. Tare da Ba Hammu, magatakardan sarki, ya riƙa zama sa'o'i masu yawa kowace rana yana tattara kalmomi. Ya bi zango zango yana rubuta waƙoƙinsu daga bakin maza da mata, har baiti wajen 6,000. Ƙamus ɗinsa ya haura shafi 2,000 na rubutun hannu, an buga shi cikin littattafai huɗu a 1951 da 1952, masana harshen Buzaye kuwa suna dogara gare shi har yanzu. Ya kuma juya Bishara zuwa harshensu.

Babban darasinsa ya zo ta hanyar fari. Ruwa ya ƙi sauka a 1907, dabbobi suka rame, nono ya ƙafe. Ya raba hatsin da yake da shi, a farkon 1908 kuwa ciwo ya kwantar da shi har ya ɗauka mutuwa ce. Sai mutanen da su ma yunwa ke ci suka bazama neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya tashi. Can dā shi ne mai bayarwa kullum, su ne masu karɓa. Duk manomi ya sani wanda bai taɓa cin taimakon maƙwabci ba, baƙo ne har yanzu, ko da ya shekara goma a gari. Daga wannan ciwo zumuncinsa da su ya sake kama.

Ba za a ɓoye ba, mutumin zamaninsa ne. Hafsan sojan Faransa Laperrine, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya buɗe masa hanyar Hoggar. Yana musayar wasiƙu da hafsoshi, yana ba su labari da shawara, ya kuma gaskata mulkin Faransa zai amfani mutanen hamada in an yi shi da adalci. Saboda wannan, har yau akwai masu kallonsa a matsayin hannun 'yan mulkin mallaka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, 'yan Sanusiyya suka taso daga Libiya, suka ci Djanet a Maris 1916. Foucauld ya gina ƙaramar ganuwa domin mutanen ƙauye su sami mafaka, aka ajiye 'yan bindigogi a ciki. Da yammacin 1 ga Disamba, 1916, mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana gadinsa. Da aka hango sojoji biyu tafe bisa raƙuma, yaron ya firgita ya harbe shi. A cikin watan nan ne Kaosen ya kewaye Agadas da yaƙi.

Ya mutu bai bar ikkilisiya a Hoggar ba, bai kuma bar almajiri ko ɗaya da ya ɗauki irin zamansa ba. A 1921 René Bazin ya rubuta tarihinsa, mutane suka karanta. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 ta mata ta biyo baya, membobinsu suna zama cikin talakawa suna cin abinci da guminsu. Ran 15 ga Mayu, 2022, Paparoma Francis ya sa shi cikin jerin tsarkaka na Ikkilisiyar Katolika.

Mu da muke zaune gida ɗaya, kasuwa ɗaya, da maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba, labarin nan ya shafe mu. Da yawa cikinmu mun bar gonakin iyayenmu, aiki ya kai mu Kano, ko Kaduna, ko Yamai, ko Tamanrasset ɗin kanta. Foucauld ya yi soja, ya yi bincike, ya yi noma, ya yi barantaka, amma abin da ya ba ransa nauyi shi ne shekara goma sha ɗaya da ya yi a ƙauye ɗaya, yana koyon harshen mutanensa, yana jin waƙarsu, yana shan nonon awakinsu.